Rasuwar 'Yar Dikko, Ƙwaryar Teburin Tsakiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani ɗan laifi da ya ga gara ya faɗa da bakinsa kafin a faɗa masa, Malam Halilu Shitu, sakataren Ƙungiyar Adana Tarihin Tungar Marke, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Anka, Gummi da Bukkuyum rasuwar 'Yar Dikko, ƙwaryar wankin zinari da ta zauna a ɗakin tarihin garin shekara goma sha ɗaya. Laifin kuwa shi ne, ranar da ya ɗauko ta daga ɗakin Innarsa bai nemi izini ba. Inna ta tafi suna Nasarawa Burkullu, shi kuma ya shiga, ya hango ta can saman jeren ƙore an naɗe ta da tsohon zane, ya cusa ta cikin babbar riga ya fito kamar mai cikin wata bakwai. Har zuwa jiya bai gaya mata ba. Shekarunsa arba'in da uku a lokacin, ga gemu.

Marigayiya ta rasu ranar Laraba da hantsi, tana da shekara tamanin da biyar bisa ƙiyasin sakatare. Kowa a garin nan ya san cewa Dikko Mai Rafi, kakan Malam Halilu, shi ne ya fara tsugunawa bakin rafi yana juya yashi cikin ƙwarya har ya ga abu na ƙyalli a gindinta, tun ba a san ramin haƙa ba, balle injin niƙa dutse. Kowa, ban da gidan Alhaji Gwadabe, shugaban ƙungiya, waɗanda ke cewa kakansu ne ya fara, wai da turmi. Ɗakin tarihi kuwa teburin tsakiya ɗaya gare shi. Abin da ke kan teburin nan, sunan mai shi ne 'yan makaranta ke rubutawa a littafinsu a matsayin wanda ya kafa sana'ar gari. Shekara goma sha ɗaya suna rubuta Dikko, turmin Alhaji yana bayan ƙofa ana rataya masa tsintsiya.

Waɗanda suka zauna da marigayiya sun shaide ta da haƙuri da kawaici. Rufin ɗaki ya yi yoyo damina huɗu, ba ta ce komai ba. Jemagu sun yi abin da suka saba yi, ta ɗauke kai. In an ƙwanƙwasa ta da yatsa takan amsa a hankali, kwal, kwal. In sakatare ya zuba mata busasshen yashi don nuna wa baƙi, sai ta ce shaa, shaa, ta yi shiru. Iyakar maganarta ke nan, abin da ba za a iya faɗa game da wasu shugabanni ba.

Ciwon ajalinta ya fara ne bara da kaka, ranar da malaman makaranta suka zo ziyara daga Gummi. Alhaji Gwadabe, wanda ƙafarsa ba ta taɓa shiga rafi ba sai dai bisa gada cikin mota, ya ce shi zai nuna yadda ake wankin zinari. Sakatare ya yi masa bayani cikin ladabi cewa tsohuwar ƙwarya da ta bushe ba a jiƙa ta, kuma mai wanki karkata ta yake yi kaɗan, ya juya sannu sannu har yashi ya zube ta baki, mai nauyi ya kwanta a ƙasa. Alhaji ya ce ai ba karatu ba ne. Ya cika ta da ruwa da tsakuwa, ya kafa ta tsakanin gwiwoyinsa, ya shiga juya hannu a ciki kamar mai dama fura. Baƙi suka tafa. Da aka gama ya kife ta a rana, aka tafi cin abinci.

Da la'asar aka same ta da tsagewa daga baki har kusan gindi. An kira Lado gyartai, mai ɗinkin ƙore, ya yi mata ɗinki tara, ya ce kada a sake motsa ta. Ta koma kan teburinta, sai dai muryar ta canza. In an ƙwanƙwasa, ƙwaf take cewa.

Ranar Laraba, sakatare yana kasuwar Anka, Alhaji ya sa aka ɗora turminsa kan teburin tsakiya, a cewarsa don a gwada a gani ko za su zauna tare. Aka jingina taɓarya a gefe. Duk wanda ya taɓa ganin taɓarya ya san ba ta tsayuwa inda aka jingina ta. Mai shayin bakin ƙofa ya ce ya ji ƙwas, sau ɗaya. Shi ne kalaminta na ƙarshe.

Ta rasu ta bar gammon da take zama a kai, da faifan rufinta, da tocilan goshi biyu na masu shiga rami, da sikelin awo wanda bai taɓa faɗin gaskiya ba ko a zamaninsa. Ta kuma bar sakatare, wanda ya zauna a ƙasa yana haɗa sakaina bakwai kamar za su yarda.

Iyalan marigayiya sun karɓi ta'aziyyar Alhaji Gwadabe, wadda ya aiko ta waya, ya ce kowane abu da ranarsa. Malam Halilu ya yarda da haka ƙwarai. Shi ya sa tun ranar Alhamis ya rubuta wa ma'aikatan lafiya masu auna gubar dalma cewa akwai wani turmi a ɗakin da yara ke shiga, wanda mai shi ke rantsuwa an yi shekaru ana dakan dutsen zinari a cikinsa. Mutanen yankin nan ba sa wasa da dalma, sun ga abin da ta yi. In na'ura ta sami guba, za a haƙa rami a binne turmin, yadda aka binne gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyen Abare. In ba ta samu ba, to gari zai san cewa gero kaɗai turmin ya taɓa gani, kuma sakatare da kansa zai rubuta hakan a allo da manyan baƙaƙe. Ya riga ya sayi fenti. Ko wanne aka samu, yana roƙon Allah ya ba Alhaji haƙuri irin na marigayiya.

Za a binne 'Yar Dikko ranar Asabar da ƙarfe tara na safe, bakin rafi, gindin marken da Dikko yake tsugunawa. Ba za a yi salla ba, don liman ya ce kada a kawo masa wannan wasa kusa da masallaci. Za a zauna karɓar gaisuwa a ƙofar ɗakin tarihi. An tanadar wa shugaban ƙungiya kujera a gaba, inda rana ta fi bugawa.

Jawabin tarihin marigayiya da sakatare ya shirya, shafi shida, an ɗage shi. Jiya ya kai sakainar gida don roƙon farin ƙyalle na likkafani. Inna ta ɗauki gindin ta juya, ta nuna masa zane uku da ta yi da wuƙa mai zafi da hannunta. Ta ce ƙwaryar Dikko ta fashe tun ba a haifi Halilu ba. Wagga kuwa a kasuwar Gummi ta saye ta shekara goma sha tara da suka wuce, kuma tun ranar da ta ɓace ba ta sake gaisawa da maƙwabciyarta Tabawa ba, don ita take zargi da ɗauke ta. Ƙwaryar damun furarta ce.