Ranar da Na Yi Gadin Giwan Ruwa

Jama'a, idan wani ya ce muku ya gan ni ranar Talata a gidan abincin nan na bakin Binuwai, a tsaye ƙiƙam, na harɗe hannuwa na ɗaure fuska, to bai yi mini ƙarya ba. Ni ne, Ɗanmalam ɗinku. Ban sake sana'a ba, har yanzu atamfa nake sayarwa a babbar kasuwa. Kifi nake gadi. Gara ku ji daga bakina kafin maƙwabcina Idrisa ya zagaya unguwa da nasa labarin.

Ga yadda aka yi. Mahmudu, ƙanen matata Karimatu, mahauci ne. Tun da mai ba shi shanu ya gane loda su a mota zuwa Kudu ya fi masa, teburin Mahmudu ya bushe, ko ƙuda ya daina ziyara. Mutum ɗaya ya rage masa: Alhaji Bobbo, Bafillace dillalin shanu daga Rey Bouba, wanda idan ya zaɓi mahauci ɗaya a Garwa, shi ke nan, shi zai riƙa ba wa har shekara ta zagayo. Washegari zai koma gida. In ya tafi bai ba Mahmudu hannu ba, Mahmudu ya rufe tebur, kuma shi da matarsa da 'ya'yansa tukunyata za su dawo. Kun ga ke nan ba zumunci kaɗai ya fitar da ni ba.

Karimatu ta ce, “Ku kawo shi gida mana, in yi masa tuwo da miyar yakuwa, a shimfiɗa masa a ɗakin baƙi.”

Na ce, “Ke ba ki san zamani ba. Abokin takarar Mahmudu jiya otel ya kai shi, mai na'urar sanyi. Mu kuma sai mu zaunar da shi a tabarma?”

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “To, a dawo lafiya, Monsieur.”

Nama dai ba ya cikin lissafi. Ba a ba mai shanu nama, don zai ɗaga tsoka ɗaya ya gaya maka shekarun saniyar da irin cutar da aka yi maka. Sai muka ce kifi. Kuma duk Garwa, in ana maganar gasa giwan ruwa, wanda 'yan boko ke ce wa kapiten, to an zo wurin Madam Léontine, mutuniyar Kaélé. Matar nan Allah ya yi wa hannunta baiwa. Matsalar ɗaya ce: tsakaninka da kifinta akwai gwamnati.

Gidan na Monsieur Pierre ne, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a wani biro, wato ofishin gwamnati, kafin ya yi ritaya. Ya bar musu kujerar, amma ya taho da halin. Sunan gidan da Faransanci yake, mu dai Hutun Manya muke ce masa.

Mun shiga bayan azahar. Ma'aikata duk suna bakin ƙofa a jere, cikin fararen riguna, har na fara jin daɗi na ce ashe an san mu. Muka wuce ta tsakiyarsu, ba wanda ya ko ƙifta ido. Ashe ba mu ake jira ba. Mai Girma Babban Darakta Mai Kula da Sauran Daraktoci ne aka ce wataƙila zai zo. Tebur mafi kyau, mai kallon kogi, da fanka guda ɗaya tilo mai aiki, an kafa masa ɗan allo: Réservé, wato an keɓe. Fankar tana ta yi wa kujerar da ba kowa fifita. Mu aka bar mu muka nemi kusurwa.

Na ɗaga hannu. Na tafa. Na yi gyaran murya har maƙogwarona ya yi zafi. Can wani dogo mai suna Louis ya tako a hankali, kamar wanda aka taso daga barci don ya yi shaida.

“Ruwan sha, don Allah, da giwan ruwa babba.”

“Patientez,” in ji shi. Wato mu yi haƙuri mu jira.

“Ruwan ma?”

“Ruwa ba sashena ba ne. Mai ruwa ya fita.”

“Yaushe zai dawo?”

“Bai bar saƙo ba.”

Ni wannan amsa na santa. Ita aka ba ni lokacin da nake neman a jawo mini famfo, ita aka ba ni a layin mai kafin in haƙura in koma wa masu zuwa-zuwa, 'yan bumburutun bakin titi. Ban dai taɓa zaton zan same ta a kan tebur da cokali ba.

Alhaji Bobbo yana zaune a miƙe, siriri, da rawaninsa, yana jan carbi. Tun safe yake kasuwar shanu, ko ruwa ban ga ya sha ba. Amma in ka dubi fuskarsa sai ka rantse yanzu ya tashi daga walima. Mahmudu kuwa gumi yake, yana ta kawo hira tana mutuwa. Ya tambayi damina, aka ce jam, wato lafiya da Fillanci. Ya tambayi hanya, aka ce jam. Ya tambayi iyali, jam. Hira ta ƙare, kifi bai zo ba.

Na sake kiran Louis. “Ina maganarmu ta kwana?”

“Tana kan hanya, Monsieur. Ta wuce wurin patron, mai gidan, yanzu tana kicin.”

Wallahi kamar dosiye, wato takardun fansho.

Sai da inuwa ta juya, sannan ƙamshi ya riga shi isowa. Jama'a, kifi! Fatar ta yi ja ta ƙame, an tsattsaga bayansa an cusa tafarnuwa da citta, mai yana tsattsafowa, ga albasa ta yi laushi a kai, ga soyayyar ayaba a gefe, ga yajin nan nata da ba ta gaya wa kowa abin da ke ciki. Na ga maƙogwaron Alhaji Bobbo ya motsa sau ɗaya. Na tura farantin gabansa na ce, “Bismilla, Alhaji.”

Ya kau da kai, ya ɗaga tafin hannu. “Mi haari. Na ƙoshi, alhamdu lillahi.”

To, duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san wannan ba amsa ba ce, gaisuwa ce. Bafillace mai kunya ba ya faɗa wa abinci daga tayin farko, ko da yunwa za ta kayar da shi. Za ka sake tayi, ya ce a'a. Ka haɗa shi da Allah, sannan ya ce to, don kai. Na buɗe baki ke nan zan yi tayi na biyu, sai na ga tebur wayam.

Louis! Mutumin da ya yi rabin yini bai kawo ruwa ba, ya sure farantin nan kamar shaho, har ya kai ƙofa. Kafin in ture kujera in bi shi, ya dire shi gaban direban Mai Girma, wanda ya zo sanar da cewa Mai Girma ya kusa fara shirin tahowa. Direba kuwa ba Bafillace ba ne. Tayi ɗaya ya ishe shi.

Na ce, “Kai Louis, wane irin aiki ne wannan?”

“Ya ce ya ƙoshi, Monsieur. Da kunnena na ji.”

“Ai ba nufinsa ke nan ba!”

“Mu abin da mutum ya furta muke aiki da shi.”

Ku ji fa. Shekara nawa muna furta cewa muna son ruwa, muna son hanya, muna son magani a asibiti, ba wanda ya yi aiki da shi. Amma ranar da talaka ya ce ya ƙoshi, a ranar ake gaskata shi, kuma da gudu. A nan dole in yaba: ban taɓa ganin an zartar da maganar ɗan ƙasa da sauri haka ba.

Na koma tebur. Carbin Alhaji Bobbo ya ƙara sauri. Ya dubi ƙofa, ya gyara rigarsa irin gyaran mai shirin tashi. Mahmudu ya raɗa mini, “Yaya, shanuna sun tafi.”

Monsieur Pierre ya ce in muna son wani kifin sai mu shigar da sabuwar buƙata, ta bi layi. Allah ya taimake mu hayaniyar ta kai kicin. Madam Léontine ta leƙo ta taga, da ludayi a hannu.

“Pierre! Kifin da na gasa wa baƙo, wa ya ci?”

Ta ci gaba:

“Akwai wani a kan wuta, na Daraktanku. In ya zo ya patientez shi ma. Louis, zo ka ɗauka, kuma in ka sake ɗauke shi daga gaban baƙo, kai zan gasa.”

Kifi na biyu ya sauka. Wannan karon Mahmudu ya dafe farantin da hannuwansa biyu, hannuwan da ke kayar da bijimi. Louis yana tsaye a kanmu, ya miƙa wuya yana jiran kalma.

“Bismilla, Alhaji.”

“Mi haari.”

Louis ya kawo hannu. Mahmudu ya dube shi irin duban da yake yi wa sa kafin ya kama ƙaho. Hannu ya koma.

“Haba Alhaji, ko kaɗan.”

“Usoko, na gode, ku ci.”

“Don girman Allah, Alhaji, kada ka kunyata mu.”

Ya yi ajiyar zuciya. “To, don ku.”

Ya wanke hannu, da ruwan butar alwalar da Mahmudu ya ɗauko da kansa. Sai kuma ya tsaya. Hannu a sama, ido a ƙasa. Nan na tuna ragowar al'adar: irinsu ba sa tauna a gaban mutane. A gida ajiye masa ake yi, a ja ƙofa, a ba shi wuri. Abin da Karimatu ta faɗa ke nan tun farko, amma kada ku gaya mata na ce haka.

Na ce, “Mahmudu, zo mu duba kogi.” Muna miƙewa, sai ga Louis: “Kun gama? In kwashe?”

Tafiya ba dama, zama ba dama. Sai muka juya wa Alhaji baya, muka tsaya kafaɗa da kafaɗa muka tare shi, Mahmudu da faɗinsa, ni da babbar rigata. Hasken rana yana dukan ruwa yana shigar mini ido, na zaro baƙin tabarau na saka. A bayanmu na fara jin ƙaya tana sauka a faranti a hankali. Na ce alhamdu lillahi.

Daidai nan Mai Girma ya iso. Mota baƙa, gilashi baƙi, wani ya buɗe ƙofa, wani ya riƙe jaka, wani ya riƙe wayar da ke cikin jakar. Ma'aikata suka rusuna. Ya nufi teburinsa, sai ya ci birki. Me ya gani? Wani dattijo a kusurwa yana cin abinci shi kaɗai, ba ya kallon kowa, ga ƙarti biyu sun tsare shi, ɗaya da baƙin tabarau. Shi Mai Girma mai gadi ɗaya gare shi.

Na ji ya tambayi Monsieur Pierre, “Wane ne?”

Tsohon ma'aikaci ba ya cewa bai sani ba. Monsieur Pierre ya rage murya, ya nuna rufi da yatsa. “Daga sama.”

Mai Girma ya gyara wuyan kwat, ya doso mu da murmushi. Ni kuwa abin da ke raina ɗaya ne: in mutumin nan ya leƙa, Alhaji zai tsame hannu, shanu su tafi. Ban san lokacin da na ɗaga tafin hannu na ce masa ba:

“Patientez.”

Jama'a, ya jira! Babban Darakta Mai Kula da Sauran Daraktoci ya tsaya a gabana, hannu a baya, kamar mai neman sa hannu. Duk tsayuwar da na yi a ofisoshin garin nan, a ranar aka biya ni.

Daga nan gidan ya rikice da aiki. Fanka ta taso daga Réservé ta dawo kusurwarmu. Mai ruwa, wanda bai bar saƙo ba, ya bayyana da ruwan sanyi har da ƙanƙara. Louis yana gudu da tawul a kafaɗa, yana miƙo mana komai da hannu biyu, mu muna miƙawa baya ba tare da mun waiwaya ba. Ashe duk sun iya aikin. Ajiye shi suke yi don kada ya ƙare kafin manya su zo.

Da Alhaji ya yi hamdala, muka buɗe hanya. Mai Girma ya duƙa ya kama hannunsa da hannu biyu, ya shiga zuba Faransanci: wai aikin hanyar nan da aka daɗe ana magana, ba a manta ba, yana kan hanya, damina ce, kayan aiki ne. Alhaji Bobbo, wanda Faransancinsa bai wuce bonjour ba, ya dube shi, ya gyaɗa kai sau ɗaya ya ce, “Too.” Na ga gumi ya karyo wa Mai Girma.

A waje, Alhaji ya tsaya yana sakace. Ya ce, “Ɗanmalam, wancan mahaucin ya kai ni otel, ya zauna gabana yana kallon bakina. Da yunwa na kwana. Ku kuwa kun san mutunci, kun juya mini baya.” Ya miƙa wa Mahmudu hannu. “Gobe ka turo a kora maka shanu.”

Mahmudu ya kama hannun yana ta godiya. Ni ma tukunyata ta tsira.

Muna shirin tafiya sai ga Louis da ƙunshi. Alhaji ya rage gefe guda, yadda baƙon kirki ke yi, an naɗe mana. “Na masu gadi,” in ji shi, har da rusunawa. A gida na ci shi da sanyinsa, kuma duk da haka ban taɓa cin kifi irinsa ba. Karimatu ta zauna tana kallon bakina har na gama, ta ce, “Monsieur, ashe tabarmar tawa kuka je kuka yi a tsaye.”

Yau da safe Idrisa ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Wai takardun fanshonsa sun daɗe a kan hanya, yana roƙon ni da Mahmudu mu raka shi biro, ba sai mun ce komai ba, mu dai tsaya a bayansa. Na ce ni zan zo, tabarau ma yana nan. Amma Mahmudu yanzu yana da shanu, ya zama babban mutum. Na aika masa, an ce ya fita, bai bar saƙo ba.