Awon Ɗakin Kaka

"Lafiya lau, sai dai gwiwar nan. Kai kuma yau a tsaye ake gaishe ni, kamar ɗan aike?"

Da yayana mai walda Kaka take. Tun da ya shigo bai zauna ba. Tef ɗin awo a hannu ɗaya, waya a ɗayan, sai kai-komo yake tsakanin ƙofa da taga, ya zaro tef ya sake shi ya koma da ƙara, ƙarar da nake ji har cikin haƙorana. Ni dai ina gefe ina ninke wanki, haushi duk ya ishe ni. Abin da ke cinsa kowa ya sani. Abin da ya tara a shago ya isa sayen abu ɗaya ne kawai: ko gida mai tsakar gida da za mu tare mu huta da haya, ko jerin ɗakuna da 'yan haya a ciki, mu kuma mu ci gaba da zama a gidan mutane. Dillali ya ce yau yake son amsa.

Ya durƙusa ya kafa tef a gindin bango.

"Me kake auna min? In kabari ne ka ƙara tsawo, ni ba guntuwa ba ce irinka."

"Wa zai ɓata tef a kanki, ke da aka yi ta jira kika ƙi tafiya? Ɗakunan can nake kwatantawa da wannan."

"Ashe har yanzu kana kan ɗakunan."

"Amarya, ki yi tunani mana. Ina kwance duk wata arziki yana buga min ƙofa. In shigo layi a ce ga mai gida nan, kowa ya gyara tsayuwa."

"Kai ɗin? Ɗan haya na farko da zai ce matarsa ba lafiya, kai za ka kai ta asibiti, ka dawo ka yi musu cefane."

"Zan tara gemu in daina dariya."

"Gemun da ake nema da fitila?"

"Kin dai gan shi da kika ce in aure ki."

"Idona ne ya mutu a lokacin. Kuma ni tun kana cikin tsumma nake ce maka Maigida, ko bulo ɗaya ba ka da shi. Me kake nema a bakin baƙi?"

"Naki ba ya sayen siminti."

Wayar ta yi ƙara. Ya duba, ya kashe, ya sa a aljihu, ya sake ciro ta. Wallahi sai da na ji kamar in ƙwace in amsa masa.

Kaka ta ce, "Zo in koya maka abin da uwarka ba ta koya maka ba. Maigida shi ne wanda in ya yi sallama yara su fito da gudu. Mai gida kuwa in ya yi sallama, uwarsu ta raɗa musu su ce ba ta nan."

"Ai duk kalma ɗaya ce."

"A baki ne kawai take ɗaya. Ka tambayi ƙanwarka sau nawa na aike ta ta ce ba na nan."

Na sunkuyar da kai na ci gaba da ninki, don gaskiya ta faɗa.

"Ba ki gane ba ne, tsohuwa. Abin da ɗakunan za su kawo shi zan tara in saya mana gidan. Shekara kaɗan ce."

"Je ka faɗa wa gwiwata shekara kaɗan ce."

"Ke fa ba mutuwa za ki yi ba. Sai kin ga bayanmu duka."

Ta ɗan shafa gefen katifarta.

"Ranar da kakanka ya rasu, a banɗakin gidan haya aka yi masa wanka, maƙwabta na tsaye da bokiti suna jira a gama. Ba su yi laifi ba, aiki za su tafi. Ni dai ba na son a jira ni da bokiti."

Raina ya ɓaci ƙwarai, na kasa ɗago kai. Shi ma tef ɗin ya tsaya cak a hannunsa. Wayar ta sake ƙara, wannan karon ya ɗauka.

"E, ni ne. Mai tsakar gidan za a yi. A'a, ba shawara na yi ba, fin ƙarfi aka yi min."

Ya kashe, ya samu wuri a bakin gadonta ya zauna, yana murza ido wai ƙurar walda ce.

"Amma ki sani, ɗakin kusa da ƙofar waje zan ba ki, don kada a sha wahalar fitar da ke."

Kaka ta kwashe da dariya har tana riƙe gwiwa. Ta kwance bakin zani ta ciro alawa ta cusa masa a tafin hannu.

"Na can ƙurya za ka ba ni, Maigida. Yanzu da na samu gida, wa ya ce maka fita zan yi?"