Yadda Za Ka Canja Faifan Birkin Jif Ba Tare da Ka San Komai Ba

Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari kafin rana ta faɗi duk unguwarku za ta shaida kai namiji ne mai gyara motarsa da hannunsa. Ko motar za ta gyaru, wannan wata magana ce daban. Shekara ashirin da biyu ina zaune a barandar gidana a garin Duluth na Amurka ina kallon maza suna shiga ƙarƙashin mota, don haka ilimin ya zauna mini daram, duk da ban taɓa riƙe sifana ba. Misalinmu shi ne maƙwabcina na tsallaken titi, Wendell Prokop, malamin tarihi a makarantar sakandare.

Mataki na 1: Samo dalilin da ba mai iya ja da shi

Nora, 'yar Wendell, ta sami aikin jinya a jihar Montana mai nisa, za ta kama hanya ranar Lahadi. Ya ba ta babbar jif ɗin gidan mai kujera takwas. Sai dai duk sanda aka taka birki, sitiyari ya dinga kakkarwa kamar mai zazzaɓi. Bakanike ya ce fayafayan birki ne suka cinye, wato ƙarafan nan masu faɗi da ke bayan kowace taya, waɗanda takalman birki ke cafkewa mota ta tsaya. Ya ce a kawo masa ita.

Wendell ya ce sam. Yarinyar da ya koya wa hawa keke za ta gangara duwatsu ita kaɗai, shi kuma ba abin da ya taɓa ba ta sai littattafai da nasiha. Yana so ko sau ɗaya ya yi mata abu da hannunsa.

"Baban Nora," in ji matarsa Colleen, "kai da ka haɗa mana tebur mai ƙafa uku?"

"Huɗu ne. Ɗayar ce ba ta kai ƙasa ba."

"Ran 'yata ne fa."

"Shi ya sa ba zan bar wa bare ba."

Ka ji amsa? Haddace ta.

Mataki na 2: Kalli bidiyo, amma rabi

Wendell ya kalli wani mutumin Arizona, inda ƙarfe bai san tsatsa ba, ya zare faifai da yatsu biyu yana fito. Da aka kai tsakiya ya kashe waya, ya ce ya gane. Haka ake so. Mai kallon bidiyo har ƙarshe bai yarda da kansa ba.

Mataki na 3: Baza kaya inda kowa zai gani

Ranar Asabar da hantsi ka wangale gareji, ka jera sifanu a ƙasa daga ƙarami zuwa babba, ka shafa ɗan baƙin mai a goshi tun kafin ka taɓa komai. Wendell ya ja birkin hannu har ƙarshe, ya ɗaga jif da jak, ya kafa mata ƙafafun ƙarfe. Abin mamaki, fayafayan gaba biyu suka fita da 'yan buge-buge, kafin tsakar rana ya saka sababbi. Ya ɗago mini hannu kamar ɗan takara. A ransa har ya fara tunanin barin koyarwa.

Mataki na 4: In ƙarfe ya ƙi, ƙaro guduma

Ya koma baya, ya cire taya, ya kwance takalman birki, ya ja faifai. Ko gezau. Ya fesa mai, ya buga da ƙaramar guduma. Ya tsallako ya ari tawa babba. Awa biyu layinmu yana amsa kuwwa kamar maƙera. Ya zagi tsatsa, ya zagi gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara, ya zagi mutumin Arizona har da yatsunsa biyu. Daga nan guduma ta sauka a kan babban yatsansa, ya faɗi kalmomin da ba ya koya wa ɗalibai.

Nora ta fito za ta je sallama da ƙawayenta, ta tsaya ta dube shi. "Baba, in ya gagara ba komai, sai in tafi da ƙaramar motar Mama."

Cikin tausayi ta faɗa, kuma hakan ya fi gudumar yi masa zafi. Bai ɗago kai ba har ta wuce.

Mataki na 5: Kada ka nemi taimako, balle wurin tsohuwa

Wendell bai nema ba, taimakon ne ya zo da silifas, riƙe da kofin shayi. Doreen Haugland ke nan ta gidan kusa, shekara saba'in da huɗu, talatin daga ciki ta yi su tana gyaran motocin ɗaukar 'yan makaranta.

"Ɗan nan, me motar ta yi maka?"

"Tsatsa ce, Inna Doreen. Kin san gishirin garin nan..."

"Na san ka hana ni barcin rana. Ka ja birkin hannu?"

"Har ƙarshe! Ni ba na wasa da tsaro."

"Madalla. Shi ne ya riƙe faifan ta ciki. Awa biyu kana dambe da abin da kai ka ɗaure."

Ta tura katako ƙarƙashin tayoyin gaba da ƙafarta, ta ce ya je ya saki. Ya saki, ya dawo, ya taɓa faifai, sai ga shi a hannunsa kamar murfin tukunya.

A irin wannan lokaci sai ka gyara murya ka ce, "Dama yanzu nake shirin gwada hakan." Wendell ya faɗa. Doreen ta kurɓi shayinta, ta ce ta bar waina a murhu, kada ya motsa motar sai ta dawo.

Mataki na 6: Yi gwajin farko a gaban jama'a

Jiran tsohuwa ba naka ba ne. Wendell ya ɗaure komai, ya sauke jif, ya kira Colleen ta zo ta ga aikin maza. Ya tayar, ya sa giyar baya, ya taka birki. Ƙafarsa ta wuce har ƙasa kamar ya taka auduga.

Ashe a rabin bidiyon da bai kalla ba ake cewa sai ka taka birki ka saki sau da yawa kafin ka motsa, don sababbin takalma su matso jikin faifai.

Jif ta gangaro a hankali kamar saniya mai ciki, ta tsallake titi, ta nufo barandata. Colleen ta ɗora hannu a ka. Doreen ta fito da cokali a hannu tana ihu, "Taka, saki! Taka, saki, kai shashasha!" Ya taka, ya saki, ya taka. Motar ta kwantar da akwatin wasiƙuna, ta tsaya taku ɗaya daga kujerata. Ni ban gudu ba, ƙafafuna kawai na janye.

Wendell ya daɗe a ciki. Ba akwatina yake gani ba, gangaren Montana yake gani, da Nora a kujerar nan. Da ya fito, muryarsa ta canja.

"Inna Doreen, don Allah ki duba mini duka huɗun. Daga farko."

Ta duba, shi yana miƙo sifana. Ta samo noti biyu a gaba da ko rabi bai ɗaure ba. Ta zaga unguwa da motar da kanta, ta dawo ta jefa masa makulli. "Yanzu ko jikata sai in sa a ciki."

Mataki na 7: Karɓi yabo kai kaɗai

Ranar Litinin da yamma Nora ta bugo waya, Doreen kuwa na zaune a teburin nan mai ƙafa uku da rabi ana cin abinci.

"Baba, na iso! Gangaren mil shida na sauko, birkin nan kamar na sabuwar mota. Na gaya wa kowa a asibiti babana ne ya gyara."

Abin da ya rage kawai ya ce, "Ai ƙaramin aiki ne." A nan Wendell ya ɓata duk wahalarsa, kada ka yi koyi da shi. Ya dubi baƙin yatsansa, ya ce, "Nora, ni sifana kawai na miƙa. Ga wadda za ki gode wa."

Nora ta fashe da dariya. "Baba, na sani tun ranar Asabar. Maƙwabcinka ya tura wa duk unguwa hoton akwatinsa. So nake in ji ko za ka faɗa."

Wane maƙwabci ne, ba a binciko ba har yau.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin yatsanka, da akwatin wasiƙar maƙwabcinka, da kallon da matarka za ta riƙa yi maka nan da shekara goma. In jif ta bi ta kanka, ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba, gudumar ma ba tawa ba ce. In kuma layinku babu tsohuwa mai silifas, rufe gareji ka kai wa bakanike.