Direban Tasi Ya Tafi Koyon Tuƙin Jirgi

Wani ne direban tasi, shekara goma sha biyu yana fama da cunkoson titi. Sai ya ji an ce a sama babu cunkoso. Ya sayar da motar, ya shiga makarantar koyon tuƙin jirgin sama. Tun bai taɓa jirgin ba ya hana matarsa ce masa Maigida, sai dai Kyaftin.

Ranar farko malaminsa ya ce ya zagaya ɗan ƙaramin jirgin ya duba lafiyarsa. Gogan naka ya doki taya da ƙafa, ya ce, "Iska ta yi." Ya shiga ya zauna yana lalube.

"Malam, ina hon?"

"Babu."

"Madubin gefe fa?"

"Babu."

"To Allah dai ya sa ba da tsada aka sayar muku ba."

Suka tashi. Da ya leƙa ya ga gidaje sun koma kamar kwalin ashana, sai ya ƙanƙame kujera. Can malam ya rage wutar inji don ya gwada shi, jirgi ya yi tsit.

"To, ɗauka inji ya mutu. Me za ka yi?"

Mutumin ya miƙa hannu zai buɗe ƙofar ɓangaren malam.

"Kai, lafiya?"

"Sauka ka ɗan tura, Malam, ni zan sa shi a giya biyu."

Malam ya riƙe ƙofa da hannu ɗaya, ya sauko da jirgi da ɗayan. Tun da suka fara gangarowa Kyaftin ya runtse ido, yana ta taka birkin da babu. Taya na taɓa ƙasa ya diro, ya rungume mai share fili, yana tambayarsa yaya bayan rabuwa.

Washegari ya shiga ofishin shugaban makaranta, ya ajiye hula a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, na bar muku."

"Haba, daga tashi ɗaya? Kowa da tsoron sama yake farawa, a hankali za ka saba."

"Ni ba ruwana da sama, ranka ya daɗe. Sama tana zaune abinta, ba ta ce mini komai ba. Ƙasar ce ban ga dalilin da take tahowa da gudu haka ba."