Yadda Za Ka Zama Gwanin Hoton Ciki Bayan Bitar Kwana Biyar

Likitan iyali, barka da dawowa daga Gusau. Na ji an kai ka bitar kwana biyar, an koya maka hoton ciki, wato sikanin, an sallame ka da satifiket da 'yar na'urar da za ta shige jakar hannu. Na kuma san abin da ba ka faɗa wa kowa ba: idan ka ɗora ta a cikin mutum, abin da kake gani a allo bai wuce talabijin da eriyarta ta faɗi ba. Kwantar da hankalinka, ni ma haka na koma ɗan asibitinmu da ke yankin Tsafe. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin kafin wata ya mutu za a riƙa nuna ka da baki a kasuwa ana cewa ga mai ganin cikin mutum.

Mataki na 1: Rataye satifiket

Sa shi a gilashi, ka buga ƙusa can sama kusa da silin. Ana so a hango tambarin, ba a so a karanta inda aka rubuta kwana biyar. Ilimi ya fi kwarjini idan sai an ɗaga kai ake ganinsa.

Mataki na 2: Koyi gyaɗa kai

Ɗora kan na'urar, ka ƙura wa allo ido, ka tsuke baki, ka ce "Uhm." Matsa hagu, ka sake cewa "Uhm," amma wannan karon ka ja shi. Idan kana da tabarau, sauke shi kan hanci. Idan ba ka da shi, saya. Kada ka yi saurin gamawa, domin mutumin da ya taso daga ƙauye tun da safe ba zai yarda an ga cikinsa a minti biyu ba.

Mataki na 3: Kada ka yi rowar man nan mai sanyi

A bita an ce maka amfaninsa kawai na'ura ta manne da fata. Wannan tsakaninka da malaman bita ne. Wani dattijo daga Mada ya rantse mini tun ranar da na shafa masa ciwon bayansa ya tafi, alhali a ciki na shafa. Ban musa ba. Kai ma kada ka musa wa dattijo, rashin ladabi ne.

Mataki na 4: Namiji ne ko mace?

Wannan tambaya za ta zo maka sau goma kafin azahar, kuma ba daga mai cikin ba, daga uwar miji. Ka duba allo da kyau, ka yi murmushi, ka ce yaron ya juya baya, da alama mai kunya ne. Babu kakar da za ta yi fushi don an ce jikanta zai yi kunya. Da wannan amsa na yi wata huɗu ban taɓa yin kuskure ba.

Mataki na 5: Kada ka taɓa cewa ba ka gane ba

Nan ne gindin sana'ar, kuma nan ne ni na yi ɓarin da nake gargaɗinka a kai.

Wata Laraba cikin damina aka kawo mini Suwaiba daga Bilbis, cikin fari, wata bakwai. Mijinta Lawwali yana waje kan babur. Uwar mijin, Inna Safiya, ita ta shigo da ita, ita kuma ta yi duk bayanin. Jibi Juma'a za a kai yarinya goyon ciki gidan iyayenta, wani ƙauye a ƙetaren rafi, ta haihu a gaban mahaifiyarta kamar yadda aka saba da ɗan fari. An riga an aika, an share ɗaki, an tara itacen wankan jego. Hoton nan ma don a tafi da labari ne kawai.

Suwaiba ta kwanta ta juya fuska ga bango. Ka san kunyar ɗan fari: ba za ta kalli allo ba, ba za ta ce tana da ciki ba, balle a gaban suruka. Duk abin da nas ɗinmu Wasila ta tambaya, Inna ce ke amsawa, lafiya lau.

Na shafa mai, na yi "Uhm" na farko, na ga kai, na ga zuciya tana bugawa. Da na gangaro ƙasa sai na ga wani abu fari-fari ya kwanta inda nake zaton hanyar fitar yaro ce. A rana ta huɗu ta bita an nuna mana hoton mabiyiya da ta sauko ta tare bakin mahaifa, aka ce mai irin wannan idan naƙuda ta same ta nesa da ɗakin tiyata, jini zai iya tafiya da ita kafin a nemo mota. Sai dai lokacin da ake nuna hoton ni hankalina yana kan layin abinci. Ko ita ce, ko ba ita ba ce, wallahi ban iya rabewa ba.

"Likita, mi ka gani? Namiji na ko mace ta?" in ji Inna Safiya.

Amsar mataki na huɗu tana kan harshena, a shirye. Amma na tuna rafin nan da ba a ƙetare shi idan an yi ruwa, na ji tsoro, tsoro na gaske. Na ce, "Inna, akwai abin da na gani ban gane shi ba. Kada a kai ta gida jibi. A kai ta Gusau gobe, wadda ta fi ni sani ta duba."

Ka ga ɓarna? Satifiket yana sama yana kallona.

Mataki na 6: Idan ta suɓuce maka, shanye abin da ya biyo baya

Inna ta miƙe ta gyara mayafi. Ta ce ita ta haifi tara ba inji, kuma hana yarinya zuwa gidansu daidai yake da ce wa iyayenta ba su iya riƙon 'yarsu ba. Ta fita kiran ɗanta, tana faɗa wa duk matan da ke kan benci cewa mai injin ya ce bai gane ba.

Fitarta ke da wuya Suwaiba ta jawo hannun Wasila, fuskarta har yanzu a bango, ta raɗa mata cewa sau biyu tana ganin jini a makon nan, ba ta gaya wa kowa ba.

Da na faɗa wa Lawwali, ya murza makullin babur a hannunsa, sannan ya tambayi sunan wadda za su nema. Na rubuta masa sunan Madam Rahila, ma'aikaciyar hoto da ta yi shekara ashirin tana wannan aiki a wani asibiti a Gusau. Washegari ta kira ni ta ce mabiyiya ce, ta rufe hanya ruf. Ta ƙara da cewa na riƙe kan na'urar a juye, hagu ta koma dama. Wannan bayanin ban nema ba.

Maimakon Suwaiba ta ƙetare rafi, mahaifiyarta ce ta ƙetaro, suka zauna gidan ƙanin Lawwali a Gusau, kusa da asibitin. Bayan mako shida, da hantsi, jini ya ɓalle. Kafin awa ɗaya ta cika an shiga da ita tiyata, aka ciro 'ya mace, uwa da 'ya lafiya.

Mataki na 7: Kada ka koma ɗalibi

Ni yanzu duk Asabar ina Gusau, a tsaye bayan kujerar Madam Rahila, tana gyara mini riƙo a gaban marasa lafiya. Kwarjini ya tafi. Satifiket na sauko da shi daidai ido. Sunan da na samu a Bilbis kuwa shi ne likitan nan da bai gane ba, kuma da shi ake kwatancen asibitinmu.

Watan jiya Inna Safiya ta dawo, ta ajiye mini ƙullin goro a tebur ba ta ce na mene ne ba. Ta turo 'yarta ta cikinta gabana, ita ma da nata tsohon cikin.

"Ga ta nan," ta ce. "In ka gane ka hwaɗi. In ba ka gane ba, shi ma ka hwaɗi."

Sannan ta fita da kanta, ta ja mana ƙofa.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin kuɗin tabarau, ko ƙarewar mai, ko dattijon da zai dawo neman a sake shafa masa. Idan ka bi matakan nan ka yi suna, sunanka ne. Idan kuma wata rana wata Suwaiba ta kwanta a gabanka ta juya fuska ga bango, kai kuma ka bi mataki na biyar sau da ƙafa, kada ka ce ni na koya maka. Ni ban bi shi ba, kuma yarinyar da aka ciro, Nana Khadija, har ta fara zama.