Bututun da Na Kafa wa Inna

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na kori hayaƙi daga madafin Inna, na kori abincinmu tare da shi. Zamanin Turawa ne, ina wanke-wanke a barikin Wurno, inda Di'o, Baturen mulki, yake sauka in ya fito rangadi. A kicin ɗinsa na ga abin da ya juya mini kai: wata rumfar ƙarfe a saman murhu, kamar an kife mazurari, da bututu da ya huda rufi. Kuku zai wuni yana girki, idonsa fes.

Ita kuwa Inna, can gida Magarya, idanunta sun yi ja kamar gauta, kullum tari. Tausayi ya kama ni (da son a sani, in za a faɗi gaskiya). Na roƙi tsofaffin garewanin kananzir, na kai wa maƙeri ya buga mini irin ta bariki, na ɗora wa jaki.

A cikin jinkar madafin nan Baba ya rataye irin shukarmu, zangarniyar gero da kwanson wake, sun yi baƙi da kunkunniya. Damina ba ta yi kyau ba, ko makaho ya san rumbu ba zai kai mu ba. Abin da ke rataye ɗin nan shi ne shekararmu mai zuwa. Na ture su gefe na huda jinka.

"Kai, wanga abu ba ya kawo muna ruwa ɗaki?" in ji Baba.

"Baba, haka Turawa ka yi," na ce, ina hura hanci.

Abin haushin, bututun ya yi aiki. Hayaƙi ya miƙe sama sambal, idon Inna ya washe, tana ta sa mini albarka. Ni kuwa duk wanda na gamu da shi sai na jawo shi ya zo kallo. Har Kawu Isa, maƙwabcinmu, na gaya masa gidansa na cikin duhun kai. Bai taɓa zuwa raina ba cewa hayaƙin nan shi ke hana ƙwari kusantar iri.

Ruwan shuka ya sauka. Da safe Baba ya jingine sungumi, ya hau turmi ya sauko da iri, ga maƙwabta a ƙofa ana gaisuwar ruwa. Ya murza zangarniya a tafinsa, sai gari. Ya ɓare wake, kowace ƙwaya da ƙofarta, ƙwari suna ta bin yatsunsa. Ya murza wata, ya murza wata. Inna ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gefen zane. Ni dai na so ƙasa ta tsage.

Baba bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ƙwarya ya miƙo mini.

"Tahi ka roƙo muna iri. Hwara da gidan Isa."

Na tafi da gajeren wandona na bariki. Kawu Isa ya auna mini ɗan abin da zai iya, ya ce, "Ga shi, na duhun kai ne, amma shina tsira."

Kafin in harhaɗa abin kirki ƙasa ta sha iska. Muka yi shuka a makare, rabin gona ya kwana fili. A shekarar aka sayar da jakin da awakin Inna, muka ga bayan rumbu tun kafin bazara. Baba da kansa ya cire bututun ya toshe ramin da ciyawa, Inna ta koma tarinta, ba ta kuma taɓa tayar mini da zancen ba har ta bar duniya.

Tun daga nan, in na ga abu yana sa mutane hawaye amma sun ƙi korarsa, sai na tambayi aikin da yake yi musu kafin in nemi maƙeri.