Rasuwar Duron Kaltume Mai Tuwo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki zafi, Kaltume mai tuwo ta Unguwar Shanu take sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da maƙiya tunda su suka fi saurin jin labari, rasuwar duronta na ruwan wanke-wanke. Ya cika ranar Laraba da hantsi a bayan rumfarta, gindinsa a huje.

Marigayin ya zo hannunta daga wani gareji a Mando, shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Da man inji ya fara rayuwa, amma bai taɓa yi wa ruwan tukunya girman kai ba. Ruwan ƙanzo, ruwan wankin nama, ragowar miyar kuka, duk abin da aka juye masa sai ya karɓa ya riƙe amana, har Maliki mai amalanke ya zo da la'asar ya kai shi babbar kwata. In cikinsa ba komai yakan ce "gwarangwam", in ya ƙoshi sai "ɓulum, ɓulum" a kan hanya. Ban da wannan ba a taɓa jin bakinsa ba, shaidar da ba za a yi wa wasu maƙwabta ba.

Albarkacinsa ne duba-gari bai taɓa samun ɗigon ruwa a ƙofar Kaltume ba. Ya sha zuwa ya leƙa nan, ya shinshina can, ya tafi da takaici. Ya daɗe da gaya mata duk ranar da ya ga ruwa kwance, ranar zai rufe rumfar. Da rumfar nan take ciyar da 'ya'yanta, ba ta da wata.

Ciwon ajali ya fara da 'yar tsatsa, sai yoyo. Kaltume ta toshe da sabulu da tsumma, ta liƙe da kwalta, ta kai shi wurin mai walda, ya ƙwanƙwasa ya girgiza kai. Sai da Maliki ya ga wandonsa ya huhhuje daidai inda ruwan ya fallatsar masa sannan aka gane cutar. Ashe Audu mai cajin batir, wanda bangonsa yake jingine da nata, shi yake zagayowa in ta tafi cefane ya tuttule tsohon ruwan batir a ciki, don ƙyuyar haƙa rami a bayan shagonsa. Da aka tare shi, ko kunya bai ji ba, ya ce ai ruwa ruwa ne, kuma maƙwabtaka ta wuce haka. Audun nan da ake tsamo wa tsoka mafi girma in ya zo cin tuwo. Kaltume ba ta yafe ba, kuma tana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su ɓata yawunsu wajen ba ta haƙuri.

Marigayin ya bar bokiti biyu, ɗaya ba mariƙi, da wani tsohon mazurari, da amalanken Maliki da yake takaba a gindin darbejiya, da ƙudaje masu yawa da suka riga suka hallara rabon gado.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a maƙerar bakin kasuwa, inda za a yanke abin da ya rage mai lafiya a yi murhun gawayi. Zaman makoki kuwa ba a rumfar Kaltume za a yi ba. Tun ranar Laraba ruwan wanke-wanke ya zama maraya, ba mai ɗaukarsa, ga shi wurin gangare ne. Ita dai ba ta yi komai ba illa ɗan jan layi da bakin fartanya, don kada maraya ya ɓata. Yanzu haka yana kwance, kore shar, a ƙofar shagon Audu. Duba-gari zai zagayo ranar Litinin, kuma kowa ya san ba ya tambayar ruwan wane ne, ƙofar da ya tarar da shi yake rufewa. A can za a karɓi gaisuwa. Masu zuwa su tattare riga.